Kaza da 'Ya'yanta a wata samaniya: wane suna za a raɗa wa duniyoyin ƙagaggen labari?

Ɗan Fatake: Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Wata huɗu ke nan ina kan wani labari, kuma sunaye sun tsayar da ni cik. Labarin wasu mutane ne da suka bar duniyar nan cikin kumbo, jikokin jikokinsu suka bazu a wasu duniyoyi, suna fatauci tsakaninsu yadda kakanninmu suka riƙa kai natiron da tufafi Gwanja su ɗauko goro. Da farko na ƙirƙiro sunaye daga kaina, irin waɗanda ba su da ma'ana a kowane harshe. Na karanta wa ƙanwata babi na farko, muka kai ƙarshe ba ta riƙe ko ɗaya ba. Shi ya sa na sake shawara: taurari zan ba su sunayensu na gaskiya, duniyoyi kuma in sa musu sunayen itatuwa da tsuntsayenmu. Cibiyar daular ina so ta zama Kaza da 'Ya'yanta. Masu ilimin abin, ku duba mini, akwai inda zan yi tuntuɓe?

Malamar Kimiyya: Wa alaikumus salam ƙanena. Shawarar ta yi kyau, amma akwai tuntuɓe biyu a Kaza ɗin kanta. Na ɗaya, taurarin Kaza jarirai ne. Shekarunsu wajen miliyan 100 ne kacal, alhali duniyarmu ta kai shekara biliyan 4.5. Idan akwai duniyoyi a gefensu, yanzu suke hucewa, duwatsu na ta faɗo musu, ba wurin da manomi zai kafa bukka. Manyan da muke gani da ido kuwa shuɗɗa ne masu tsananin zafi, irin waɗanda ba sa tsawon rai. Na biyu, siffar kaza da 'yan tsaki daga nan muke ganinta, daga nisan da haske ke shafe shekara kusan 440 kafin ya ƙure. Wanda ke zaune a cikinsu ba zai ga kaza ba, zai ga taurari sama da dubu ne warwatse ta ko'ina, gabas da yamma, sama da ƙasa.

Ɗan Fatake: Kai, Anti, kin rushe mini babi uku. Amma gara yanzu da bayan an buga.

Malamar Kimiyya: Kada ka jefar da sunan, ka canza masa gida. Akwai wani tauraro da ake kira TRAPPIST-1, tafiyar haske ta shekara 40 daga nan. A 2017 aka sanar cewa duniyoyi bakwai ne ke kewaya shi, duk masu duwatsu, girmansu kusa da na tamu. Shi tauraron ƙarami ne, ja, mai sanyi idan aka gwada shi da rana, saboda haka 'ya'yan nasa sun matso jikinsa sosai. Ta kusa da shi kwana ɗaya da rabi take gama zagaye, ta can ƙarshe kwana 19. Ka dubi wannan hoton da kyau: uwa ja a tsakiya, 'yan tsaki bakwai sun lafe a jikinta suna neman ɗumi. Wallahi ranar da na fara karanta labarinsa abin da ya faɗo mini ke nan. Mutanenka sun baro gida da sunan Kaza a bakinsu, suka iso wurin da ya fi cancantarsa, suka raɗa masa.

Mai Gyaran Rubutu: Ni fa ina da ja a nan. Shekara nawa ina gyaran littattafai, ban taɓa ganin mai karatu ya ajiye littafi don shekarun tauraro ba su kai ba. Ana ajiye littafi ne idan jarumi bai da rai. Ƙagaggen labari sunansa ƙagagge. Idan yaron nan yana son Kaza ta sama, ya rubuta abinsa, wa zai je ya auna? Tsorona kada ku mayar masa da littafi darasin aji uku na sakandare.

Malamar Kimiyya: Malam, ban ce ya cusa darasi ba. Bari in nuna maka abin da gaskiyar za ta ba shi kyauta. Duniyoyin nan zagayensu a ɗaure yake da juna: kafin ta farko ta yi zagaye 8, ta biyu ta yi 5, ta uku 3, ta huɗu 2, duk cikin kwana 12 da 'yan awoyi, sannan su koma yadda suka faro. Labarinsa na fatake ne. To ga ranakun kasuwa nan an yanka masa. Kamar yadda kasuwar wani gari ke ci Laraba ta wani ke ci Lahadi, haka duniya kaza za ta matso kusa da duniya kaza a rana sananniya, wanda ya makara ya rasa ayari sai wani zagayen. Bashi, alkawari, ɗaurin aure, guduwar ɓarawo, duk sai su rataya a wannan lissafin. Marubuci zai zauna ya ƙago wannan daga kansa?

Mai Gyaran Rubutu: Wannan kam na karɓa. Amma da sharaɗi: lambobin su tsaya a littafin ajiyarsa. A shafi, abin da nake so in gani shi ne madugu yana cewa saura kwana biyu Kasuwa ta matso, a ɗaure kaya.

Dattijon Gona: 'Ya'yana, ku ba tsoho wuri. Jikana ne ke rubuta mini. Kuna ta maganar Turawa da na'urorinsu, ba wanda ya ambaci taurarin da muke noma da su. Mu a wurin malamanmu muka ji su, 28 ne, kowane yana kwana 13, ɗaya ne ke yin 14, shekara ta cika 365. Bakwai na bazara, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari. Na damina da bakina nake jera su tun ina yaro: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan. Manomi na tambayar malam wane tauraro ake ciki kafin ya ɗauki iri. Yaro, idan mutanen labarinka jikokin manoma ne, da wannan lissafin za su tafi. Ko sun je inda taurarin ba sa fitowa yadda muka sani, za su ci gaba da cewa an shiga Jabha, don baki ba ya saurin sakin abin da ya gada.

Ɗan Fatake: Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan ban taɓa jin jerinsu haka ba. Zan sa su zama sunayen zangon ayari.

Almajirin Zaure: Allah ya saka wa Baba. Waɗannan su ne manazil, masaukan wata, kuma Alƙur'ani ya ambaci cewa an ƙaddara wa wata masaukai, a Suratu Yasin. Amma ɗan'uwa, ka kiyaye iyaka ɗaya a rubutunka. Sanin lokaci da hanya ta taurari halal ne, Suratun Nahli ta ambaci shiryuwa da tauraro. Jingina wa tauraro ruwa ko arziki ko mutuwa shi ne abin da hadisin Hudaibiyya ya yi kakkausan gargaɗi a kai, kamar mutum ya ce an yi mana ruwa saboda tauraro kaza. Idan ka sa wani a labarin yana duba da taurari, ka bar shi a matsayinsa na boka, kada alƙalaminka ya gaskata shi.

Sai batun sunaye. Da yawa daga sunayen da ke cikin littattafan Turawa na Larabci ne da harshe ya lanƙwasa. Wanda suke kira Aldebaran shi ne Dabaran na cikin manazil, ma'anarsa mai bin baya, don yana biye da Surayya, wato Kazarmu. Rigel daga rijl ne, ƙafa. Deneb daga zanab, wutsiya. Altair daga aɗ-ɗa'ir, mai tashi. Algol daga ra'asul gul, kan dodo. Abdurrahman as-Sufi ya rubuta littafinsa na taurari a wajen shekarar 964, kuma a ciki ya ambaci wani ɗan gajimare a sama wanda yau aka san shi da Andromeda. Shi'ira kuwa, tauraron da ya fi kowane haske da dare, sunansa na cikin Suratun Najmi. Don haka ni shawarata, taurari ka bar su da Larabcinsu yadda malamanmu ke furtawa. Dabaran ya fi Aldebaran daɗi a bakin Bahaushe.

Ɗiyar Damagaram: Allah gafarta Malam, ina girmama maganarka, amma ban yarda a miƙa wa Larabci samaniya duka ba. Muna da namu. Kaza tamu ce. Zara matar wata, Gamzaki mai fitowa da asuba, tauraruwa mai wutsiya, zazzaɓin wata. Maƙwabtanmu Buzaye su kuma Kaza ɗin nan 'yan matan dare suke ce mata, a Japan kuma Subaru, shi ya sa motar ke ɗauke da taurari a goshinta. Kowa da idon da ya kalle ta. Macen da ke tashi daka da asuba ba ta ce Zuhura ba, Gamzaki ta ce.

Almajirin Zaure: Hajiya, Zara ɗin ma ai daga Zuhura ta fito.

Ɗiyar Damagaram: Ta fito, amma ta yi aure a gidanmu, har mun ba ta miji. A Larabci wa ya ce matar wata ce?

Malamar Kimiyya: Ku tsaya, a cikin gardamar nan taku akwai abin da zai amfane shi. Zara da Gamzaki abu guda ne. Duniya ce, ba tauraro ba, ita ce ta biyu daga rana. Wani lokaci tana bin rana a baya sai a gan ta da magariba, wani lokaci tana riga ta fitowa sai a gan ta da asuba. Mutane suka ba ta suna biyu saboda a lokaci biyu suke ganinta. Ƙanena, ka yi tunanin al'umma biyu a labarinka, kowace na da'awar wata duniya da sunan da ta sani, an yi shekaru ana aika wasiƙu, ba su gane wuri ɗaya suke nufi ba. Kuma kyan Zara daga nesa ne. Zafin ƙasarta ya haura digiri 460, dalma narkewa take yi a can.

Haka Dabaran da Malam ya ambata. A ido yana bin Kaza kamar makiyayi, amma shi tafiyar haske ta shekara 65 ce tsakaninmu, ita kuwa 440. Ba abin da ya haɗa su sai layin kallonmu.

Ɗan Fatake: To ga abin da nake da shi na duniyoyin, ku yi masa fiɗa. Gawo, Giginya, Kirya, Kainuwa, Tumfafiya, Gamji, Kuka. Gamji ce fadar sarki saboda girman sunan. Sauran na raba su ne yadda suka yi mini daɗin faɗa.

Dattijon Gona: A'a yaro. Ba a sa wa ɗa suna don daɗin faɗa kawai, balle ƙasa. Kowane icen nan da halinsa. Gawo da damina yake zubar da ganye, lokacin da kowa ke kore shi yana tsaye fari fat, sai rani ya yi, kowa ya bushe, shi ya yi ganye. Shi ya sa muke barinsa a gona, ba ya tare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi. Idan ka kira wuri Gawo, to ya zama wurin da ke da abinci sa'ad da kowa ke yunwa. Kirya ice ne mai taurin tsiya, gawayinta maƙera ke nema, da ita ake turmi. Giginya kuwa ka san abin da aka ce, na nesa ka sha inuwarta. Tumfafiya a kufai da gonar da ta gaji take fitowa. Kainuwa ba ta da saiwa a ƙasa, dashen Allah, ruwa ke yawo da ita. Ka koma ka raba su bisa hali.

Malamar Kimiyya: Baba ya gama magana, ni dai in ɗora kimiyyar a kai. Kirya ta zama ta kusa da uwa, mai zafi, mai nauyin ƙarfe, garin maƙera. Irinta akwai a gidanmu: duniyar da ta fi kusa da rana yawancin cikinta ƙarfe ne. Kainuwa ta zama wadda ruwa ya rufe gaba ɗaya, garuruwanta na shawagi. Giginya ta zama mai arzikin da ake kwasa a kai wasu duniyoyi, 'ya'yanta na kallo. Tumfafiya wadda aka taɓa zama aka tashi.

Gawo ce mai daɗin aiki. Mutane da yawa na zaton zafi da sanyi daga kusanci da rana suke zuwa. A duniyarmu ba haka ba ne: a watan Janairu, tsakiyar hunturu, muka fi kusa da rana. Karkacewar duniya da digiri 23 da ɗoriya ke kawo damina da rani. Amma duniyar da hanyarta ta yi tsawo kamar ƙwai, ita kusanci da nisa ne ke juya ta. Ka ba Gawo irin wannan hanya: in ta matso uwa komai ya ƙone, mutane su shige ƙarƙashin ƙasa, in ta ja baya sai shuka ta tashi. Sai dai ka sani, a gida mai cunkoso irin na 'yan tsaki bakwai hanya mai tsawo ba ta zama lafiya, za su yi ta jan juna. Ka fitar da Gawo can waje ita kaɗai, ko ka ba ta wani tauraron.

Kuma ka ajiye sunan Shamuwa don tauraruwa mai wutsiya. Yadda shamuwa ke dawowa gab da damina, haka ta Halley ke dawowa duk bayan shekara 76 ko kusa da haka. An gan ta a 1986, ana jiran ta a 2061.

Mai Gyaran Rubutu: Tambaya ɗaya da ke damuna. Jikan jikan da aka haifa a kumbo bai taɓa ganin gawo ba. Me sunan zai faɗa masa?

Ɗiyar Damagaram: Malam, mutum nawa ne a Magarya ta jiharmu ke tuna icen in sun faɗi sunan garin? Ko Bagaruwa ta wajen Tawa? Ku a Kano kuna da Kurna da Ɗorayi da Rimin Gado, a Katsina akwai Rimi. Ice ya faɗi, gari ya ci sunan. Ni a nan ma nake ganin wurin da labarin zai taɓa zuciya. A sa wata yarinya 'yar Gawo ta tambayi kakarta mene ne gawo, kakar ta ce ita ma ba ta gani ba, amma an ce mata ice ne da ke ƙin bin sauran. Ko a sa wani ya ɓoye ƙwayar iri guda ɗaya tun daga gida, ana gadonta kamar zinariya.

Ɗan Zongo: Gaisuwa daga Kumasi. Don kada wani ya ce abin da ɗan'uwa ke yi wasa ne, hukumar masana taurari ta duniya, wadda aka kafa a 1919, ita ma haka take yi. A 2019 ta ba ƙasashe dama kowace ta raɗa wa tauraro ɗaya da duniyarsa suna. Mu Gana muka sa Sika da Toge, zinariya da ɗan kunne a harshen Ewe. Najeriya ta sa Amadioha da Equiano. Burkina Faso ta ɗauki sunayen kogunanta, Mouhoun da Nakanbé. Tanzaniya ta sa wa tauraronta Mpingo, sunan wani ice mai baƙin katako. Habasha ta sa Buna, wato kofi. Kun ga ice da kogi da abin sha duk sun hau sama a hukumance.

Malamar Kimiyya: Kuma sunan ƙasarmu ya riga ya shiga littafinsu ta wata ƙofar. A watan Oktoba na 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami a ƙasar Katsina. Bincike ya nuna daga duniyar Mars ya ɓallo, kuma har yau a duk duniya Zagami ake kiransa. A kan Mars ɗin kuma akwai wani kwari da aka ba sunan kogin Neja.

Mai Gyaran Rubutu: To tunda kowa ya kawo nasa, ga yadda za a sulhunta Malam da Hajiya. Kowane wuri ya samu suna uku. Na takarda, lamba ce, ita ke kan takardar haraji da bakin ma'aikacin kumbo. Na malamai, Larabci. Na kasuwa, Hausa. Daga sunan da mutum ya furta mai karatu zai gane ko wane ne shi, ba sai an yi masa bayani ba. Amma kada ka wuce wurare bakwai ko takwas a littafi na farko, kuma kada biyu su fara da harafi ɗaya. Kirya, Kainuwa, Kuka, ga kuma Kaza, ga Gawo, Giginya, Gamji. Ido zai gauraya su.

Almajirin Zaure: Na yarda da sulhun. Saura abu ɗaya da na ji Malama ba ta taɓo ba. Na karanta cewa duniyoyin da ke manne da ƙaramin tauraro fuska ɗaya suke ba shi kullum. In haka ne, ina alfijir, ina magariba?

Malamar Kimiyya: Haka masana ke gani game da 'yan bakwai ɗin nan, kamar yadda wata ke ba mu fuska ɗaya tun fil azal. Gefe ɗaya rana ba ta faɗuwa, ɗayan dare ba ya wayewa, mutane sai dai su zauna a siririn yankin da ke tsakani, inda kullum kamar sakaliya ce.

Almajirin Zaure: To fiƙihu bai bar wurin fayau ba. A hadisin Dujal, da aka ambaci yini mai tsawon shekara, sahabbai sun tambayi yadda za su yi salla, aka ce su ƙaddara lokutanta. Ɗan'uwa, ladanin garinka da lissafi zai yi kira, ba da inuwa ba. Wanda ke riƙe da wannan lissafin kuwa babban mutum ne a gari, kuma ranar da aka samu saɓani tsakanin masu lissafi biyu, ka samu babi guda.

Ɗan Fatake: Allah ya saka wa kowa. Ga inda na tsaya a daren nan. Uwa ita ce Kaza, malamai na ce mata Surayya Ƙarama. Kirya na nan, Giginya na nan, Tumfafiya na nan. Kainuwa ta koma Bado, tunda shi ma a ruwa yake. Kuka ta koma Aduwa, Gamji ya koma Durumi, fada a ƙarƙashinsa. Gawo na fitar da ita waje ita kaɗai kamar yadda Anti ta ce, tafiyar wata shida daga sauran, kuma daga can jarumata za ta fito. Shamuwa na zuwa sau ɗaya a rayuwar mutum. Saura ɗaya a cikin 'yan tsakin ban sa mata ba, ina so ta zama tsuntsu. Baba, tsakanin gauraka, carki da cilakowa, wanne ya dace da garin dillalai?

Dattijon Gona: Carki mana, shi da ke rayuwa a bayan sa. Gauraka ka ba masu sarauta. Amma kafin ka ƙara rubuta layi ɗaya, yanzu hunturu ne, ka fita bayan gari bayan isha'i inda ba fitila. Ka ɗaga kai, Kaza na kusa da tsakar ka. Gabas da ita kaɗan za ka ga Dabaran ja-ja, sai taurari uku a jere, ka bi layinsu ƙasa za su kai ka ga Shi'ira. Ka ƙirga 'yan tsakin da idonka, gobe ka zo ka faɗa mini nawa ka samu. Ni da ƙuruciya bakwai nake gani, yanzu biyar.